Wasa da wanda bai san ana wasa ba

Yau ina so mu tattauna ne a kan finafinan barkwancin nan na manya, waɗanda ake ɓoye kyamara a ɗana wa mutum tarko, a ɗauki firgitarsa ko kunyarsa a sayar wa duniya.

Abin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke, Allen Funt, ya fara shi a rediyo a 1947, ya kai shi talabijin a 1948, shirin da ya shahara da sunan Candid Camera. A 1970 ya fitar da fim na manya zalla, inda mace tsirara ke ɓullo wa mutane ba zato don a ga yadda za su yi. A 2006 kuma aka yi Borat. Shi kam ba kyamara aka ɓoye ba, niyya aka ɓoye. An ɗauki talakawan ƙauyen Glod na ƙasar Romaniya, aka nuna su a matsayin gidadawan Kazakistan. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 260, su kuwa da suka gane abin da aka yi musu sai da wasunsu suka kai ƙara kotu a Amurka.

Ni a Sabon Ibadan aka haife ni, a rumfar goron mahaifina na tashi, don haka nan da nan na gane zafin da mutanen Glod suka ji. Yanzu kowane saurayi da waya a hannu ya zama mai shirya fim. Wa ake zaɓa? Mai shayi, mai gyaran takalmi, ɗan acaɓar da bai daɗe da zuwa ba, wanda bai iya Yarabanci ba. A kira shi aboki, a tsorata shi, a watsa. Kun dai san abin da ihun "ole" ke jawo wa baƙo a tsakiyar kasuwa.

Mu ba maƙiyan raha ba ne. Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne tun kaka da kakanni, amma kowanensu ya san wasa ake yi, kuma yana da bakin ramawa. Wanda aka ɓoye wa kyamara ba shi da wannan damar.

Roƙona, in irin wannan bidiyo ya shigo wayarka, kada ka tura wa kowa. Wataƙila mahaifin wani ne a ciki. Allah Ya rufa mana asiri, amin.