Zaman Lome: mai gidan haya da lissafin kwana 90

Wanda ya shigo Lome ta hanyar arewa, tun kafin iskar teku ta buge shi zai fara jin Hausa da Zabarmanci. Agowe-Zango ke nan, inda kamiyoyin Nijar da na Burkina suke jere a tashar da ake kira Terminal du Sahel, masu shayi da masu tsire a bakin hanya kamar a Maraɗi. Zangon asali a tsakiyar birni yake. A 1977 hukuma ta rushe shi, ta maido mutanensa nan, wajen kilomita 15 daga bakin ruwa. A wancan zamani falke ba ruwansa da haya: wurin mai masauki yake sauka, shi ke ba shi ɗaki da tuwo, ya samo masa mai saye, ya ɗauki la'adarsa.

Yau zamani ya sake. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kaya masu yawa da ke bi ta Kwatano suka koma tashar jiragen ruwa ta Lome, daga nan su bi ta Sinkase, Kaya, Dori da Tera har Yamai, cikin ayarin da soja ke rakiya. Ga jiran kwantena, ga jiran takardun duwan, ga jiran ayari ya haɗu. Tafiyar mako biyu sai ta koma ta wata biyu ko uku, kuma babu aljihun da zai jure wa otel haka. Shi ya sa ƴan kasuwarmu da dama suka kama ɗaki da falo, rabin shekara can, rabi gida.

Neman gida a Lome ta hannun dillali yake bi. Zai ɗora ka a kan kabu-kabu unguwa-unguwa, ka biya kuɗin gani ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. Da can masu gida sukan ce sai an ajiye kuɗin wata shida, wani ma na shekara, kafin a miƙa makulli. A watan Janairu na 2022 gwamnatin Togo ta fitar da doka a kan birnin Lome da kewayensa: kuɗin ajiya na ɓarna kada ya wuce hayar wata 3, na jinginar haya shi ma wata 3. Dokar tana nan, amma mai gida ya san baƙon da kayansa ke kwance a tasha ba ya da lokacin gardama. Da yawa sukan biya abin da aka yanka, hannu da hannu, ba kwantara ba rasit, wai don wanda ya haɗa su ɗan garinsu ne. A ganina wannan ba amana ba ce, sakaci ne.

Mai zaman rabin shekara yana da wata matsala tasa. Idan ya koma gida sai ya bar wa wani makulli, ko ya zuba wani ɗan haya ba da sanin mai gida ba, ko ya cika falo da dilolin atamfa. Kowanne cikin waɗannan na iya zama hujjar fitar da shi. Hayar wurin kwana daban take da ta wurin sana'a, wadda ke ƙarƙashin dokokin OHADA, kuma a can ne kawai ɗan kasuwa ke samun haƙƙin sabunta haya bayan shekara 2 yana aiki a wurin.

Sai maganar zama. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to amma hukuma ƙirga kwana take yi. Yarjejeniyar CEDEAO da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar izinin shiga ba biza har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izini. Ƙarin yarjejeniyar 1986 ce ta kawo haƙƙin zama da katinsa. A nan ne rashin kwantara ke cizo, domin mai neman katin zama dole ya nuna inda yake kwana. Waɗansu sukan tsallaka Aflawo, iyakar Gana da ke manne da birnin, su dawo da sabon hatimi. Dabara ce, ba haƙƙi ba.

Kuma ƙasan da aka gina wannan duka a kai ya motsa. Ran 29 ga Janairu 2025 fitar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta ce ƴan Nijar, Mali da Burkina su ci gaba da shiga da zama kamar da, amma har zuwa wani sabon umurni. Yarjejeniyar UEMOA ta 1994, wadda Nijar da Togo duk suke ciki, ita ma ta tanadi ƴancin zirga-zirga da zama, sai dai ɗan sanda a shinge abin da ke hannunka yake dubawa. Dattawan da suka yi zaman Abijan sun san yadda irin wannan ƙofa ke ƙuntata: a 1990 Kodibuwa ta ɗora wa baƙi katin zama na kuɗi, har da ƴan CEDEAO, ba a ɗauke musu shi ba sai a 2007.