Neman agogon zafi a hanyar Doguwa

Agogon zafi shi ke nuna wa direba zafin ruwan injin. A Fijo 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna, da aka buɗe a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa, agogon na lantarki ne: akwai ɗan sansa da aka ɗaure a kan injin, waya ɗaya ta taso daga gare shi zuwa allurar da ke gaban direba. Ruwa na ƙara zafi, wuta na ƙara samun hanyar wucewa ta cikin sansa, allura na hawa. Wasu motocin da suka girmi 504 kuwa siririn bututu ne da su mai ruwan sinadarin ether a ciki. In bututun ya tsinke, agogo ya mutu ke nan.

Da wata tsohuwar 504 mai buɗaɗɗen baya aka yi tafiya daga Kano zuwa Doguwa, allurarta a kwance. Kafin a bar Kano sai da aka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa aka sayi wani agogon zafi na hannu, aka kama titin Zariya, aka ratsa ƙasar Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take. A Kwanar Dangora ta Kiru aka saki titin aka yi hagu.

A Tudun Wada aka samu rewaya. Ko kallon agogon da aka sayo bai yi ba. Ya ce wa direba, "Maigida, kunna mana makulli." Ya zare wayar sansa ya dangwala ta a jikin injin, nan take allura ta cilla har ƙarshen ja. Agogon asali lafiyarsa ƙalau ashe. Ya kwance sansa, ga shi tsatsa da laka sun cinye bakinsa, aikin ruwan rafi da ake ɗura wa lagireto. Wanda ya ɗauko a madadinsa sai da ya tsoma shi a tafasasshen ruwan mai shayi, ya auna da mita, domin sansan wata mota kan shiga ramin daidai amma ya sa allura ƙarya, kuma allura mai ƙarya ta fi matacciya haɗari.

Daga nan hanya ta shiga dajin Falgore, inda gareji ke wuya, ta fara hawa zuwa duwatsun Doguwa da Riruwai, garin kuza. Mota ɗauke da buhunan masara a irin wannan hawa ita ke ƙona gasket. Allura ta tsaya a tsakiya, wajen digiri 80 zuwa 90. Da ta doshi ja, tsayawa za a yi, kuma ba a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce.