Famfon Man Motar Maigidana

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce a Suame Magazin da ke Kumasi, yau shekara talatin da 'yan kai. Famfon mai kuwa na sayar da shi ya fi a ƙirga. Amma sai da na zo saya wa kaina guda ɗaya tak na gane ashe duk shekarun nan ban taɓa tsayawa na karanta abin da ke rubuce a jikin kwalin ba.

Motar da ake magana MGB ce ƙirar 1966, ja, mai kujera biyu, irin waɗanda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Sitiyarinta a dama yake, don ta shigo tun kafin Gana ta koma tuƙi ta hannun dama a 1974. Ta marigayi maigidana ce, Allah Ya jiƙansa, wanda ya riƙe ni lokacin da na zo daga Kano ina saurayi ba ni da ko tabarma. Shi fataken goro ne, ya saye ta hannun wani Bature mai harkar katako da zai koma gida. Da ya rasu 'ya'yansa suka raba gidaje, motar kuma suka ce Baba ya ce a ba ni, tunda ni na san halinta.

Na san halinta kam. Famfonta na lantarki ne, ƙirar SU, yana maƙale a ƙarƙashi kusa da tayar baya ta dama, dab da inda batura biyu suke a bayan kujeru. In ka murɗa makulli za ka ji shi yana tak-tak-tak da sauri, sai ya riƙa sassautawa har ya yi shiru. Shirun nan shi ne alamar kafireto ya cika, sai ka tayar. Ran da bai yi magana ba, maigida zai miƙo mini sifana ya ce, "Yaro, je ka gaishe shi." In durƙusa in ɗan ƙwanƙwasa shi, sai ya farka. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu, makanikai na ce musu kwantak. Su ke ba maganaɗisu wuta ya ja faifan roba ya tsotso mai, kuma in sun yi dauɗa sai su ƙi haɗa wuta. Bugun nan shi ke girgiza su.

Bara da damina, bayan na dawo daga Lome na tarar motar ta yi wata uku a ajiye, na gaishe shi har hannuna ya gaji, ko tari bai yi ba. Ya yi aikinsa, ba ni da ta cewa. Sai na yi abin da ɗan kasuwa zai yi: na miƙa hannu kan kanta na ɗauko sabon famfo daga cikin waɗanda nake sayarwa, irin mai shiga kowace mota. Na ma zaɓi wanda nake ce wa masu saye "wannan ya fi ƙarfi". Yaron makanike ya juya wayoyi ya ɗaura, mota ta tashi, na yi ta murna.

Ranar Juma'a na ɗauki autana muka nufi masallaci. Ba mu yi nisa ba ya ce, "Baba, warin fetur nake ji." Na ce tsohuwar mota ce, haka suke. Ya sake faɗa. Da na tsaya na ɗaga bonet, sai ga mai yana tsiyaya daga bututun ambaliyar kafireto, yana ɗiga kusa da bututun hayaƙi da ya yi zafi jau. A motar nan kafireto biyun a saman bakin salansa suke zaune, wani faifan ƙarfe kawai ya raba su. Wallahi har yau in na tuna yaron yana zaune a ciki da farar rigarsa, sai gabana ya faɗi. A ƙafa muka ƙarasa, kuma ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Wani tsohon Masta da ya yi aikin motocin Ingila tun zamanin Morris da Austin shi ya warware mini. Bai ko taɓa motar ba, kwalin ya ce in kawo. Ya nuna mini inda aka rubuta 4 zuwa 7 psi, wato awon ƙarfin turin mai. Ya ce kafireton SU bai son abin da ya wuce 3 sosai. A cikinsa akwai ɗan tulu mai iyo a kan mai, in mai ya cika sai ya taso ya tura wata allura ta toshe hanya. Allurar nan ba ta da wani ƙarfi, in famfo ya fi ƙarfinta sai ya banke ta mai ya yi ta shiga. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai da ke sayar da su?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Daga nan muka zauna da babban ɗana, wanda ke taya ni a shago, muka baje zaɓi. Ana iya barin na shagon a sa masa abin rage turi a gaba, shi ne mafi arha. Na ƙi. Ban son ran iyalina ya rataya a kan wani ƙaramin abu da aka ƙara don gyara kuskure, kuma famfon ba ya shiru, gurnani yake tun daga murɗa makulli har kashewa. Na asali kuwa yana ba ka labari. In ka ji yana ta bugawa bai tsaya ba alhali inji a kashe, to ko mai ya ƙare ko wani wuri na yoyo. Da shi ne a motar ran Juma'ar nan, da tun a ƙofar gida kunnena ya gaya mini.

Yaron ya bincika a intanet ya ce har yanzu ana yin na SU sabo, wani kamfani mai suna Burlen a garin Salisbury ke ƙera su. Ya karanto mini cewa iyalin Skinner da suka kafa SU asalinsu masu harkar takalma ne, har kafiretonsu na farko da zugazugin fata aka yi shi. Na ce ashe dukawa ne, shi ya sa jininmu ya haɗu.

Iri biyu suke yi, kuma a nan muka yi gardama ta kwana da kwanaki. Akwai mai kwantak irin na da, akwai wanda aka cire kwantak aka sa masa 'yar na'urar lantarki a ciki, amma siffa ɗaya, bugu ɗaya. Ni na tsaya kan na da. Hujjata ita ce abin da za a iya buɗewa a goge da 'yar takardar yashi a bakin hanya ya fi abin da in ya mutu sai jana'iza. A Magazin muke, inda ba a yarda wani ƙarfe ya mutu ba.

Shi kuma ya ce, "Baba, sau nawa kake tayar da motar nan a shekara?" Na yi shiru ina lissafi. Ya ce kwantak aiki yake so, zama ke kashe shi, balle a Kumasi mai damina biyu inda ko makulli ka ajiye sai ya yi tsatsa. Ya ƙara da cewa gwiwata ma ba ta durƙuson gaisuwa yanzu. Wannan ta ƙarshen ta ba ni haushi, don gaskiya ce.

Saura kaɗan mu sake tafka wani kuskuren. Har ya cika takardar oda sai Masta ya tambaya ko an taɓa juya wa motar wuta. Motocin MGB na kafin ƙarshen 1967 kan batir mai alamar tarawa ake haɗawa da jikin mota, saɓanin motocin yanzu. Tawa ba wanda ya taɓa juya ta. Famfo mai na'ura kuwa kowane tsari da nasa, in ka haɗa shi a juye ba zai yi ba, yana ma iya ƙonewa. Aka goge aka sake rubutawa. Kuɗinsa ya kai na famfon shagona bakwai, ban da ladan wani ɗan zangonmu da ya riƙo shi a jaka daga Landan. Na sa a haɗo da kayan gyaran tsohon, sabon kwantak da faifan roba, Masta ya farfaɗo da shi, yanzu yana but naɗe cikin tsumma tare da sifanar maigida. Ɗana ya ce wannan rashin yarda ne. Na ce e.

Sauran kwalayen da ke kan kanta kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya na rubuta awon kowanne da maka a gefe, manya-manya. Mai saye ya zo, sai na tambaye shi wace mota kafin in miƙa hannu, wasu har su ƙosa.

Ran da aka ɗaura sabon, na tuƙa ta zuwa gidan Hajiya, uwargidan marigayi, wadda idonta ya yi rauni yanzu. Jikokinta suka fito da ita ƙofar gida. Na kashe motar, na sake murɗa makulli ban tayar ba. Tak-tak-tak, tak, tak, shiru. Ta karkata kai ta ce, "To tayar mana, ai ya cika."