Hotuna Uku a Bangon Zaure Ɗaya

A zauren wani tsohon masunci a Argungu akwai hotuna uku a jere, kowanne da mutum rungume da giwan ruwa a bakin Matan Fada. Na farko mahaifinsa ne, baƙi-da-fari. Na biyu shi ne da kansa, mai launi, an ɗauke shi jim kaɗan bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Na uku ɗansa ne, a bikin 2020. Wanda ya fi tsufa shi ya fi fitowa sarai, har ana iya ƙirga ɓawon kifin. A na biyu kogin ya koma ja, fuskar ta dushe, jikokinsa ba sa yarda cewa shi ne. Na uku kuwa tun ranar da aka kawo shi yake dishi-dishi.

Tsohon yana ɗora laifin a kan kyamara, kuma yana da ɗan gaskiya. Idan dubban masunta suka auka ruwa da homa da gora, sai kyamarar da ke ƙyaftawa cikin kashi 1 bisa 500 na daƙiƙa, ko ƙasa da haka, take iya tsayar da fantsamar ruwan. Hasken rana a kan kogi kan yaudari ma'aunin hasken kyamara, sai ta rage buɗewa, fuskoki su yi duhu. Amma aikin kyamara yana ƙarewa ne a wannan ƙyaftawa, tsawon ran hoto kuwa a wurin wanki ake yanke shi.

Hoton mahaifin da ƙwayoyin azurfa aka gina shi, kuma azurfa tana jure shekaru muddin an ɗauraye ragowar ruwan magani sosai. Hoto mai launi rini uku ne a kan juna, ba sa koɗewa tare. Idan shuɗi-shuɗin ya riga sauran gushewa, ja ne ke rinjaye. Wankin fim mai launi, wanda ake kira C-41, yana bukatar ruwan magani a zafin digiri 37.8 na tsawon minti 3 da daƙiƙa 15. A Birnin Kebbi, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ga ɗaukewar lantarki, ga tsadar da ke sa a maimaita tsohon magani, kiyaye wannan ƙa'ida sai mai haƙuri.

Hoton ɗan kuma da waya mai kyau aka ɗauke shi, amma ta WhatsApp ya isa shagon, manhajar ta matse shi a hanya. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci: 1200 da 1800 ga ɗan ƙaramin kati, 2400 da 3600 ga na bango. Aka buɗa abin da aka riga aka rage, sai ya watse.

Bikin ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin kundin al'adun duniya a 2016. Sai dai fuskokin waɗanda suka kama kifin galibi a irin wannan zaure suke, kwafi ɗaya tak. Fim ɗin hoto na biyu ya ɓata tuntuni. Asalin na uku yana nan cikin wayar ɗan, kuma tsohon ya ce a sake wanko shi kafin wayar ta faɗa ruwa.