Kafin Ka Biya Kuɗin Gidan Gado



Na lura cewa idan ɗayanmu ya tashi sayen gida, hankalinsa kan tafi ne ga yawan ɗakuna da kyawun fenti. Ni kuwa abin da na fi tsoro shi ne gidan da dillali zai ce maka, "Na gado ne, ana sauri a raba, shi ya sa ya yi araha." A cikin tsofaffin unguwannin Kano, irin wannan gida yakan fito kasuwa.

Da zarar mai gida ya rasu, gidan ya zama na magadansa baki ɗaya. Matarsa tana da sumuni idan ya bar 'ya'ya, 'yarsa da ke aure a wani gari tana da rabonta, haka ma jaririn da ke goye. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon kowa don kawai shi ne babba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin yana rataye ne har sai mai abu ya yarda. Akwai kuma hakkin shuf'a: idan magaji ɗaya ya sayar maka da kasonsa kafin a raba, abokin tarayyarsa na iya biyan kuɗin da ka biya ya karɓe. Ka ga ke nan kana iya zuba kaya, ka ɗaura aure a ciki, sannan sammaci ya iske ka.

Don haka ni ba na yarda da baki. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ga sunayen magada, kowane baligi ya sa hannu, mata ma a ji daga bakinsu, kada a ce "ai ta wakilta ni." Idan da maraya a ciki, a bi ta hannun alƙali. Wasu na ganin wannan rashin kunya ne. Ni ban ga haka ba, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu idan an yi ciniki.

Sai ɓangaren hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma mai takardar shaidar mallaka ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewarsa. A Kano, ka je KANGIS a duba fayil ɗin, ko an jinginar da gidan a banki. Ka gaida mai unguwa, amma hatiminsa kaɗai bai isa ba.

Ka kuma zauna da tsohon da ya fi kowa daɗewa a layin, ka tambaye shi mata nawa marigayin ya aura, da inda 'ya'yan kowacce suke.