Tsakaninmu mata: wa ke cin kuɗin kyasuwa da tafasa?

Yaya, ɗan rage muryar rediyon nan, ku kuma ku matso. Maganar da zan yi kada ta wuce tabarmar nan tukuna.

Kun tuna irin kyasuwa da gamba da muka tara bara bayan girbi, wanda mutumin nan mai babur ya bi gida-gida ya kwashe? To, na gan shi a Tawa da idona. An juye shi a sababbin buhuna, an liƙa wa kowane takarda, ana lodinsa za a kai wurin masu aikin gyaran fako. Na tambayi yadda aka saye shi, aka faɗa mini. Ba zan maimaita ba, don kada Inna ta kasa barci yau, ita da ta fi kowa shan ƙaiƙayi a dabagi.

A'a, ku bar zaginsa. Ni ban ga laifinsa can-can ba. Furojen da zai shuke eka ɗari ba zai tsaya ƙofar gidan kowa yana cinikin tiya uku ba. Yana neman wanda zai kawo kaya da yawa a rana ɗaya, ya sa hannu, ya ba da rasit, in iri bai tsiro ba a san wuyan wanda za a kama. Mutumin yana da takarda, mu ba mu da ita. Da ita kaɗai ya fi mu, don ko bambancin gamba mai ido da holoƙo bai sani ba.

Ku tuna yadda aka yi ciyawa ta zama haja a Adar. Iyayenmu ba su taɓa sayar da irin burburwa ba, mahaukaci ne zai saya. Fari ne ya jawo. A shekarar yunwa ta 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, kuma mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa, ana biyansu da abinci, tunda maza sun tafi bida. Wajen 1989 aka ɗauki wasu manoman Illela aka kai su Yatenga a Burkina, suka ga yadda ake haƙa ƴan ramuka a fako a zuba taki, suka dawo da dabarar, ita ce tassa. Ba a jima ba mutanen Badagishiri suka shiga sayen fakon da a da ko kyauta ba wanda zai karɓa. Sai ramin rabin wata ya bazu ko'ina. A 2007 kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wadda ta ratsa jiharmu. Duk rabin watan da aka haƙa a makiyaya sai an watsa masa iri, in ba haka ba garmani ya riga kowa zama, shi da ko akuya ba ta marmarinsa. Wa ya san kwarin da gamba ta saura? Wa ya san makon da kan kyasuwa yake ja ya nuna, kafin iska ta kakkaɓe shi? Mu ne dai.

Na ji ki, Hajiya: “Wai ciyawa ma sai an yi mata ƙungiya?” Ai an daɗe da yi. A Jamus akwai manoman da ba abin da suke nomawa sai furanni da ciyayin daji, don irinsu kawai. Sun haɗa ƙungiya mai tambarin shaida, an raba ƙasar yanki 22, kuma tun watan Maris na 2020 doka ta ce in za a shuke filin da ba gona ba a wajen gari, da irin yankin za a shuke shi. Wanda kayansa ke da shaida shi ke da kasuwa. Na Barazil ma ya fi kama da namu. A yankin kogin Shingu, tun 2007 masu tsintar irin itatuwan daji suka haɗa kai, ɗaruruwa ne yanzu, yawancinsu mata. Ofishinsu ne ke karɓar odar masu saye tun kafin lokaci, ya raba wa ƙauyuka. Mace na fita daji ta riga ta san abin da ake so, nawa ake so, nawa za a biya ta. Mu kuwa sai mun gama shan wahala muke jiran wanda Allah zai jefo.

Furannin Jamusawa na kallo ne, namu na tukunya ne. Tafasa mai fure ɗorawa, gasaya mai fari, yoɗo, lalo, yaɗiya, duk da kansu suke fitowa, amma yau wace ce cikinmu ba ta watsa tafasa a gefen gamanarta? Mun zama manomansu ba mu sani ba.

Bari in kawo ku kusa da gida, kan albasa. A 2006 wani kamfanin iri na Senegal ya shigar da takarda a OAPI, ofishin rajistar mallaka da ke Yawunde, yana neman a ba shi irin albasar Galmi da sunanta. Da labari ya fito fili a 2009, ba manomi ɗaya ba ne ya yi kuka a bakin rijiyarsa. Ƙungiyoyi ne suka ta da ƙura, ciki har da ANFO ta masu albasa, har gwamnati ta shiga maganar, kamfanin ya saki sunan. Daga baya aka yi wa albasar Galmi rajista da sunan ƙasarta, ita da kilishi. Ƙungiyar masu albasa ce kuma ta daɗe tana faɗa da buhu mai hula, wanda ake cika shi ya tumbatsa a ɗinka masa wani rabin buhu a ka, a biya kuɗin guda. Wurin ciniki irin na Tsarnawa, inda ake sanar da farashi kowa ya ji, daga irin wannan fafutuka ya fito. Ban ce sun huta ba. Har gobe albasa na faɗuwa warwas in kowa ya haƙe a wata ɗaya, har gobe tana ruɓewa a rudu. Amma in za a yi maganar albasa a Yamai, akwai kujerar da aka ajiye musu. Maganar tafasa fa, wa ake kira?

To me za mu samu mu, a nan Bambeye? Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jira. Ku duba yadda muke yi. Watan tara, watan goma, ganye ya cika ko'ina, ranar Lahadi kowace ta ɗauki nata ta nufi kasuwar Tawa, mu jeru muna karya wa juna farashi. Mai saye ya zagaya sau biyu, ya tsaya wurin wadda yaronta ke kwance da zazzaɓi, don ya san ba za ta koma gida da kaya ba. Farashin da ta sallama shi ne na kowa a ranar. Watan huɗu, watan biyar, lokacin da miya ta gagara, wannan ganyen ne dai muke komawa mu saya a hannun wanda ya ajiye. Ba wayo ya fi mu ba, yana da abin da zai ci kafin lokacin.

Gungu na iya saya wa mace wannan jiran. Tun 1999 wani shirin FAO ya shigo da abin da ake kira warantaji a ƙasar nan. A zuba kaya a mangaza bayan girbi, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin gungu, ɗaya wurin asusun da ya ba da rance. A ba kowa wani kaso na kuɗin kayanta ta yi sana'a, ta yi kiwon tunkiya, in bazara ta yi a biya, a buɗe, a sayar da tsada. Gero da wake aka fi sani da shi, kuma babu asusun da zai saurari mace ɗaya mai buhu biyu na ganye. Mata talatin masu mangaza da littafi kuwa, dole a ba su kujera a ji ta bakinsu. Na san abin da ke ranki, Yaya, kuɗin ruwa. Ni ma ba na son shi. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta tambayi malam. Akwai ma hanyar da ba sai mun je wurin kowa ba: asusun mako irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a Maradi a 1991. Abin da muke zubawa shi zai sayi ganyen wadda ta matsu a farashin kirki, ya kwana a ɗakinmu maimakon ɗakin wani.

Amma fa sai mun gyara hannunmu, wannan tsakaninmu ne. Matan Tawa na cewa tafasar ƙauye sai an wanke ta sau uku saboda yashi. Gaskiyarsu. Wasunmu a ƙasa suke shanya, a tsakar rana, ganye ya ƙone ya koma ruwan toka, kaji su bi ta kai. Wanda aka shanya a tabarma cikin inuwa, kore shar yake fitowa, ko a ido ba ɗaya suke ba. Iri ma haka. Gamba ta iya yaudara: buhu ya cika fam, ki ɗaga ki ji ba nauyi, rabinsa ba ƙwaya. Gwajin ba wuya. Ki ƙirga ɗari, ki shimfiɗa a tsumma mai laima, ki naɗe, ki riƙa yayyafa ruwa, bayan kwanaki ki buɗe ki ƙirga waɗanda suka fasa. In gungu ya rubuta wannan a jikin kowane buhu, da sunan wurin da aka tsinto da watan da aka tsinta, malamin daji da kansa zai riƙa aiko mana masu saye. Sai dai duk wadda ta zuba ƙasa don buhu ya yi nauyi, ba kanta kaɗai ta cuta ba, sunanmu duka ta ɓata. Shi ya sa dole a sami masu dubawa biyu da ba sa jin kunyar mayar wa mace da kayanta, ko da matar maigari ce.

Kasuwa kuma ba furoje kaɗai ba ce, shi da yau yana nan gobe ya naɗe tabarmarsa. Anzar da muka ci da hawaye a 2005, yanzu akwai kamfani a Damagaram, Sahara Sahel Foods, da ke sayenta a hannun mata, ita da aduwa da magarya, yana cire ɗacin yana yin abinci ana sa wa a leda. Daga nan zuwa can tafiya ce, ba mai aika mota don tiya biyar. Don lodi guda kuwa ana iya magana.

Sai maganar fili, wadda ta fi kowace ƙaya. In muka ce za mu shuka gamba da kanmu maimakon yawon tsinta, ina? Gamana aro ce, ranar da maigida ya so ya karɓe. Fakon da aka gyara kuma na gari ne, ga dabbobi, ga masu yankan zana tun iri bai nuna ba. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitin filaye, kofo, daga na gari har na komin, kuma yana ba da takardar aro ko ta kyauta da shaidu. Gungu mai rajista zai iya neman a rubuta masa wani yanki na shekaru sanannu, a zauna da makiyaya a yi iyaka, a bar musu burtali, a sa ranar da za a buɗe musu bayan an kwashe iri. In ba a zauna da su tun farko ba, rigima za mu shuka.

Na ga Inna tana taɓe baki, kuma na san dalili. Gungu nawa aka kafa a garin nan? Mota ta zo, a ce a kawo sunayen mata ashirin kafin azahar, shugaba ta rubuta ƴaƴanta da kishiyar ƙanwarta, a raba abin da aka raba, shi ke nan. Tun zamanin hukumar UNCC, da aka kafa a 1962, ake ɗora wa talaka kwaparatib daga sama, shi ya sa da an ambaci sunan sai kowa ya tambayi me za a ba shi. Ni wadda za ta shigo da wannan tambayar gara ta yi zamanta. Namu a kan haja zai tsaya: ba ki kawo ganye ko iri ba, ba ki cikinmu. Mai riƙe akwati daban, masu makulli daban, mai littafi daban, kuma kada biyu su fito gida ɗaya. A karanta lissafi da ƙarfi duk zama, da Hausa, ko da jika ɗaya ce ta shiga. Shugaba ta yi wa'adinta ta sauka ana dariya. Amaryar gidan Yaya ta yi boko har kwaleji, ga mai littafi mun samu, in mijinta ya yarda, kuma Yaya ce za ta yi masa magana, ba ni ba.

Takardar ba ta kai yadda kuke tsoro ba. Dokar OHADA ta 2010 da ake aiki da ita yanzu ta ce mutum biyar sun isa kafa ƙaramin kwaparatib, wanda ake kira SCOOPS. Ana son suna, da dokokin da muka yarda da su, da rahoton zaman farko, da ɗan jarin da kowace ta zuba. Malamin gona na komin ya san hanyar, kuma akwai zauren manoma na jiha a Tawa da aikinsa ke nan. Mazanmu kuwa kowace ta shaida wa nata da bakinta tun yau, kada ya tsinta a majalisa, ku kun san hali.

Kan kyasuwa ya fara ja, ba mu da lokaci mai yawa. Wadda ta yarda ta zo nan ranar Juma'a bayan la'asar, da katinta na ɗan ƙasa da tiyar da take awo da ita. Za mu fara gwada tiyoyin mu tsayar da guda, da ita za a riƙa auna kayan kowa.