Tsakanin Takardar Likita da Aljihun Majinyaci

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibitin gwamnati a ƙasar nan ya san cewa ganin likita rabin aiki ne. Sauran rabin yana farawa ne sa'ad da aka miƙo wa mutum 'yar takarda mai rubutun da ba ya karantuwa, aka ce ya je ya nemo abin da ke ciki. Daga nan kuma sai abin da aljihu ya yi. A kan wannan 'yar tazara, watau daga hannun likita zuwa bakin majinyaci, aka yi ta kafa dokoki a Jihar Kano cikin 'yan shekarun nan. Ya kamata a tsaya a duba wa suka amfana, wa kuma suka bari a rana.

Dattawa sukan tuna zamanin da ake zuwa asibiti da kwalba a hannu, a tsiyaya wa mutum ruwan magani, a ƙirga masa ƙwaya, ya tafi bai biya ko kwabo ba. Abin ya soma ja da baya da faɗuwar kuɗin man fetur a farkon shekarun 1980, ya ƙara tsananta da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta zube, maganin da galibinsa daga waje ake shigo da shi ya yi tsada. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, suka amince da wata dabara: a zuba jari a sayo magani, a sayar wa majinyaci da rangwame, kuɗin da ya shigo a sake sayo wani da shi. Dabarar tana da kyau, amma ma'anarta ita ce kyauta ta ƙare. Kuma duk asibitin da aka taɓa jarin nan domin wata hidima dabam, sai kantin maganinsa ya bushe.

Giɓin da asibiti ya bari, kasuwa ce ta cike shi. Sabon Gari ta zama matattarar dillancin magani, ana zuwa sari daga jihohin Arewa, har daga Nijar da Chadi. Sai dai magani ba atamfa ba ne. Yawancinsa ana so a ajiye shi a inda zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali a bazarar Kano yakan haura 40 ko a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Allurar ciwon sukari, da wadda ake yi wa mace don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, firiji suke bukata. In suka sha zafi ƙarfinsu yakan ragu, kwalbar kuwa tana nan fes kamar ba abin da ya same ta. Ga jabun magani da ke sajewa da na gaske. Ga kuma maganin tari mai kodin da ya lalata matasa, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018.

Bisa tsarin mulki, dokar magunguna da guba a hannun Tarayya take, ta hanyar NAFDAC da aka kafa a 1993 da kuma hukumar PCN mai ba masu sayar da magani lasisi. Amma filin kasuwa da asibitoci da asusun lafiyar jama'a, waɗannan jiha ke da ta cewa a kansu. Kano ce ta fara gina cibiyar sarin magunguna irin wadda Tarayya ta tsara, a Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. A watan Fabrairu na 2024 Babbar Kotun Tarayya ta umarci dillalai su koma can, aka kuma rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewayenta. Mai hankali ba zai zargi wannan mataki ba, domin magani da aka san inda ya fito, aka kuma san yadda aka ajiye shi, rai yake tsarewa.

To, amma tsafta tana da kuɗi. Dillalai da yawa sun yi kukan tsadar rumfuna da nisan wurin, ɗan kasuwa kuwa ba ya haɗiye asara, gaba yake tura ta. Daɗin daɗawa, abin ya zo ne bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, shekarar da kamfanin GSK ya ba da sanarwar tattara nasa ya nasa daga Nijeriya, farashin magunguna da dama ya yi tashin gwauron zabi. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye, kowane ƙari a kan majinyaci yake sauka.

A ɗauki misalin ɗan dako da ɗansa ke fama da ciwon haƙarƙari. Likita ya rubuta maganin kwana biyar, abin da ke hannunsa na kwana biyu zai saya. Ina zai nufa in ba wurin mai kemis na unguwa ba? Shi ne ya san shi, shi ne zai yanka masa rabin kati, watakila ma ya ba shi bashi zuwa Juma'a. Lasisin mai kemis na ƙananan magunguna ne, bai kai ga irin wannan ba, amma shi ne ƙofar da ke buɗe da tsakar dare. Yaro ya sha na kwana biyu, zazzaɓi ya sauka, aka ce an warke. Ƙwayar cutar da ta tsira kuwa ta saba da maganin, gobe in ta dawo sai wanda ya fi shi tsada. Wannan uba ba jahili ba ne, iyakar kuɗinsa ke nan. Maganin na gaske ne, an ajiye shi yadda ya dace, amma rabinsa ne ya isa gida.

Nan ne ɗaya hannun na gwamnati ya kamata ya yi aiki. A 2016 Jihar Kano ta yi dokar asusun taimakekeniyar lafiya, aka kafa hukumar KSCHMA, ana cire wani kaso daga albashin ma'aikata domin su da iyalinsu su sami jinya da sauƙi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko, ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Sai dai mai albashi ne ke da sauƙin kamawa. Manomi da mai faci da mai tuyar ƙosai, waɗanda su ne mafi yawa, ba su da albashin da za a cira. Ko mai katin ma, in ya tarar da kantin asibiti babu maganin, waje zai fita ya saya da kuɗinsa, ya zama ya biya sau biyu ke nan.

Saboda haka wajibi ne hannuwan nan biyu su tafi tare. A tsare jarin maganin asibiti kada kowa ya taɓa shi. A bi ta ƙungiyoyin sana'a da masu unguwanni a shigar da talakawa asusun, a karɓi na manomi da kaka lokacin da yake da shi. A horar da masu kemis, tun da su ne kusa da jama'a, a koya musu inda iyakarsu take da lokacin da za su ce a tafi asibiti. Wanda ya hana mutane shan ruwan kududdufi ya yi daidai, amma aikinsa bai cika ba sai ya haƙa musu rijiya. In ba haka ba, ƙishirwa za ta mai da su can da dare, inda babu mai duba abin da suka ɗebo.